A Daina Aika Yara Cikin Rumbu

Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, kuma kowane magidanci hankalinsa yana kan yadda zai hana ƙwari cinye masa wahalar damina. A irin wannan lokaci ne nake so mu yi magana, mai karatu, kan wata al'ada da muka gada muka riƙe, alhali rumbun da aka gaje ta a kansa ya riga ya canza. Al'adar ita ce ta kiran ƙaramin yaro a ce masa, "Zo ka shiga ka miƙo mana dawa," don shi ne ƙofar rumbu ke wa daidai. Matsayina a fili yake: wannan aike ya zama ganganci da rai, kuma wajibi ne a bar shi.

Na san amsar da za ka ba ni. Za ka ce kai ma an sha zura ka a rufewa kana yaro, ga ka nan da ranka. Gaskiya ne. Amma rumbun kakanka dammunan gero da dawa ne a cikinsa, sai toka ko ganyayen da ake sa wa don korar ƙwari. Naka kuwa ka jefa masa ƙwayar nan mai launin toka da ake sayarwa a kasuwa, wadda aka fi sani da Phostoxin. Wanda ya kwatanta rumbun biyu yaudarar kansa yake yi.

Ya kamata ka san abin da ka saya. Sinadarin da ke cikin ƙwayar, da zarar ya haɗu da danshin iska, sai ya riƙa fitar da wata iska mai guba da ake kira fosfin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan guba. Iskar ba ta da launi, kuma ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka takan taru a ƙasa, daidai inda hancin yaro yake idan ya sunkuya yana ɗiba. Tana hana ƙwayoyin halittar jiki amfani da iskar oksijin, ta raunana zuciya, ta tara ruwa a huhu. Har yau likitoci ba su da makarinta. Abin da asibiti ke iya yi shi ne tallafa wa numfashi da zuciya har jiki ya fitar da ita. Yaro kuma yana numfashi da sauri fiye da babba, jikinsa ƙarami ne, don haka abin da zai sa ka ciwon kai shi yana iya kai shi kabari.

Wani zai ce ai yakan sunsuna tukuna, in bai ji wari ba sai ya tura yaron. Lalle ƙwayar takan yi wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma hanci ba ma'auni ba ne. Warin na iya gushewa alhali gubar tana nan. Ba ma sai an shiga ba: iskar tana ratsa tsagar bango, da rufin ɗaki, da ƙasan ƙofa. Magidancin da ya jibge buhunan wake a ɗakin da ke manne da na iyalinsa, ya cusa musu ƙwaya, ya ja ƙofa ya tafi, ya kwantar da 'ya'yansa ne a bakin rumbu ba tare da ya sani ba. A watan Janairun 2017, a garin Amarillo na jihar Texas a Amurka, yara huɗu 'yan gida ɗaya sun mutu bayan an sa irin wannan magani a ƙarƙashin gidansu, sannan aka watsa masa ruwa da niyyar wanke shi. Ruwan ne ya tayar da gubar. Ka riƙe wannan: ba a zuba wa ƙwayar nan ruwa, ba a kuma ajiye ta ko amfani da ita a inda mutane ko dabbobi ke kwana.

Ko da babu ƙwaya, rumbun da ya daɗe a rufe yana da nasa haɗarin. Hatsi mai danshi, da fumfunar da ke kama shi, da ƙwarin da ke cikinsa, duk suna zuƙe oksijin suna fitar da gurɓatacciyar iska. Mutum na iya sauka ya yi numfashi kaɗan ya faɗi sumamme ba tare da ya yi ihu ba. Abin takaici kuma, a irin wannan hali na farko ba ya tafiya shi kaɗai. Uba ya leƙa ya ga ɗansa a kwance, ya diro don ceto, shi ma ya faɗi. Kada ka bi wanda ya suma cikin rumbu. Ka yi kururuwa a taru, a yaye rufin, a fasa bangon daga waje in ta kama. Rumbu ana sake gina shi.

Akwai kuma haɗari na uku, wanda ya shafi matasanmu da ke neman na kansu a manyan gonaki, da injinan shinkafa, da masana'antun abincin kaji, inda ake zuba tsabar masara a dogayen rumbunan ƙarfe. Dami ba ya haɗiye mutum, amma tsaba tana yi. Idan aka buɗe mazurarin ƙasa, hatsin yakan riƙa zurarewa ta tsakiya kamar rairayi, ya ja duk abin da ke kansa. Cikin daƙiƙa huɗu zuwa biyar ya kai wa mutum gwiwa, daga nan ba ya iya zare kansa, kuma kafin minti ɗaya ya rufe shi baki ɗaya. Wani lokaci kuma saman hatsin kan dunƙule saboda danshi, ƙarƙashinsa kuwa rami ne, sai wanda ya taka ya rufta. A watan Yulin 2010, a garin Mount Carroll na jihar Illinois, an tura samari cikin rumbun masara su riƙa tattaka ta don ta zuba, biyu daga cikinsu suka nutse suka mutu, ɗaya shekararsa 14, ɗayan 19. Idan ɗanka ko ƙanenka yana irin wannan aiki, ka zaunar da shi ka gaya masa: ba ya shiga sai an kashe injin an kulle makunninsa, sai an ɗaura masa igiya, sai akwai mutum tsaye a waje yana kallonsa. Mai gidan da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa bai cancanci gumin ɗan kowa ba.

To, a bar ƙwari su cinye waken ke nan? Ko kaɗan. Tun 2007 aka fara yaɗa buhunan PICS a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, bisa binciken da Jami'ar Purdue ta yi tare da masana daga wannan yanki. Buhu ne mai leda biyu masu kauri a ciki. Ka busar da hatsi sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin sukan shaƙe su mutu ba tare da ko ƙwayar magani ɗaya ba. Duro ko jarka mai murfin da ke rufuwa ruf ita ma tana wannan aikin. Ka ce buhun ya fi na yau da kullum tsada, na yarda. Amma ka lissafa kuɗin kwana uku a gadon asibiti, sannan ka sake duba tsadar. Idan kuwa ajiyarka ta yi yawan da dole sai an yi turaren guba, to aikin wanda ya koye shi ne, a sito mai nisa da gidaje, a rufe da kwaɗo, a bar shi aƙalla mako guda, sannan a buɗe ya sha iska sosai kafin wani babba ya shiga.

Uwargida, ke ce kika fi kusa da yaran, don haka ki san alamun. Idan yaro ya shiga rumbu ko ya kwana kusa da buhunan da aka sa wa ƙwaya, sannan ya fara amai, ciwon ciki, jiri, tari, haki ko ƙuncin ƙirji, kada ki ɗauka zazzaɓi ne ko maƙoƙon wani abinci. In mutum biyu ko uku suka kamu lokaci guda a ɗaki ɗaya, zargin ya ƙara ƙarfi. A fitar da kowa sarari, a garzaya asibiti nan take, a tafi da gwangwanin maganin a rufe don likita ya gani. Kada a tsaya ɗura madara ko manja, kada a tilasta amai. Ko yaron ya warware, a kai shi, domin ruwan huhu na iya bayyana bayan sa'o'i masu yawa.

Kalmar da ta rage ita ce ƙaddara, wadda muke saurin fakewa da ita bayan an dawo daga maƙabarta. Babu mai jayayya cewa kowane rai da lokacinsa. Sai dai mun san wanda ya sayi ƙwayar, da wanda ya jefa ta, da wanda ya ɗaga yaron ya zura shi ta ƙofar rumbu. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa ɗauke wa uba nauyin kiwon abin da aka ba shi amana ba. Yau ɗin nan, kafin dare, ka zagaya gidanka: ka kawar da tsanin da ke jingine da rumbu, ka fitar da buhunan da ke ɗakin kwana, ka kulle gwangwanin ƙwaya inda hannun yaro ba ya kaiwa. Sannan ka tara iyalinka ka faɗa musu da bakinka cewa daga yau ba a sake aiken yaro cikin rumbu a gidan nan.