Bayan Arba'in ɗin Baba, Wa Ya San Hanyar Garinsu?

In dattijo ya rasu a Kano ko Kaduna ko Zongon Kumasi, babu wanda ake koya wa abin da za a yi. A yi masa wanka da sutura, a sallace shi, a kai shi makwanci kafin rana ta faɗi, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a karɓi gaisuwa. Masu yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in su yi, waɗanda malamansu suka hana su bari, wannan gardama ce ta daban. Daga nan a kira malami ko a je gaban alƙali a raba gado. In shekara ta zagayo, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ɗora hoton marigayin a Facebook da addu'ar Allah Ya jiƙan Baba, ɗaruruwan mutane su amsa da amin. Duk wannan ba ni da ja a kansa. Amma a tara 'ya'yan nan a tambaye su sunan ƙauyen da aka haifi mahaifinsu, da wanda ke zaune a gidan kakansu yau, da sunan ƙanwar Baba da aka aurar can ba ta taɓa zuwa birni ba. Sau da yawa babban ne kawai zai iya amsawa, shi ma da kame-kame, jikoki kuwa ko sunan garin ba su riƙe ba. A ganina wannan jahilci tauye haƙƙin mamaci ne. Wanda ya bar hanyar garin ubansa ta toshe a hannunsa ya rage wani abu daga biyayyar da ake binsa, ko da bai taɓa fashin yi masa addu'a ba.

Lamarin ya fi tsanani a wurinmu saboda yadda muke binne matattunmu. Akwai al'ummomin da in uba ya rasu a Legas sai an ɗauki gawarsa an kai ta ƙauye, a gina kabari da siminti a tsakar gida, a rubuta suna da shekara, kuma wannan kabarin shi zai riƙa jawo 'ya'ya da jikoki gida ko suna so ko ba sa so. Musulmin Bahaushe inda ajali ya same shi nan ake rufe shi, ba a gina kabarinsa, kuma bayan damina biyu ko uku sai mai gadin maƙabarta ya yi da gaske kafin ya nuna wurin. Haka addini ya koyar, haka kuma ya dace. Sai dai hakan na nufin babu wani dutse da zai riƙe mana tarihi. A dā tsagar fuska kan yi wannan aiki, ana ganin mutum a kasuwa a san Bagobiri ne ko Bakabe, amma ta kau, kuma babu mai hankalin da zai ce a dawo wa jarirai da aska. Ga kuma kunyar da ke tsakanin ɗa da mahaifi. Yaro ya tashi yana durƙusawa ya gaida Baba, a aike shi ya tafi, amma bai saba zama ya ce, “Baba, ba ni labarin gidanku” ba. Labarin yana bakin gwaggo da baffa da tsofaffin abokan Baba, su kuma ɗaya bayan ɗaya suke bin sa.

Addini bai bar wannan fage babu magana ba. Kowa ya haddace cewa addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, amma an fi mantawa da abin da ya zo a Sahihu Muslim game da Abdullahi ɗan Umar. Ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa, ya kuma cire rawaninsa ya ba shi. Da abokan tafiyarsa suka ga kyautar ta yi yawa, sai ya shaida musu cewa mahaifin mutumin aminin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa sadar da waɗanda uba ke ƙauna bayan ya kau yana cikin mafi girman biyayya. In ɗan aminin uba ya ci wannan daraja, ina ga ƙanin uban da suka sha nono ɗaya? Tirmizi ma ya ruwaito umarni a san nasaba gwargwadon abin da za a sadar da zumunci da shi. Ashe sanin asali kayan aiki ne. Ba za ka sadar da dangin da ba ka san da su ba.

Kakanninmu matafiya ne, amma ba su yi sakaci da wannan ba. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora suka kafa Maraɗi, har yau mai sarautar garin Sarkin Katsina ake ce masa, alhali iyakar ƙasa biyu ta ratsa tsakaninsa da Katsinar. Zuriyar sarakunan Zazzau da suka kafa Abuja ta asali a 1828, wadda yanzu ake kira Suleja, ba su yar da sunan Zazzau ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har gaɓar kogin Nilu kusa da Sinnar a Sudan, garin da suka kafa kuma sunansa ya ɗauka, sunan da ke nuni da Wurno ta ƙasar Sakkwato. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda fataucin goro da neman ilimi suka kai Salaga, ya koma Kete Karachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu can a 1934, amma da alƙalaminsa ya rubuta tarihi da al'adun ƙasar Hausa da ya baro. Ko a cikin birnin Kano, unguwanni irin su Tudun Nufawa da Zangon Barebari sun riƙe labarin inda mutanensu suka fito. Sannan a dubi sunayen manyanmu na jiya: Shagari, Tafawa Ɓalewa, Zungur, Kaita, duk garuruwa ne mutum ya rataya a wuyansa ya shiga duniya da su. Har wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari, ba ya yiwuwa sai kowa ya san daga ina yake.

Wani zai ce ai Musulunci ya zo ne ya rushe alfahari da asali, kuma Shehu Usmanu da kansa an haife shi a Maratta, ya zauna a Ɗagel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato, to wane gari za a ɗaure zuriyarsa da shi? Gaskiya ne an hana alfahari. Amma ayar Suratul Hujurati da ta ce fifiko na taƙawa ne, ita ce dai ta faɗi cewa an yi mutane dangogi da ƙabilu domin su san juna. Muhajirai sun bar Makka saboda Allah, duk da haka Bilal da zazzaɓin Madina ya kama shi kwarurukan Makka ya riƙa ambato, ba a kuma ce ya yi laifi ba. Bayan an buɗe Makka Annabi ya koma Madina da zama, wanda ke nuna cewa riƙe asali bai wajabta komawa can da zama ba. Ni ma ban ce injiniyan da ke Abuja ya kwashe iyalinsa ya koma noman gero ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba na so in wuce shi da gaggawa. Za a ce wannan magana ta asali ita ce ta hana Bahaushe sakat a duk inda ya zauna. A Najeriya, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ce ke buɗe ƙofar gurbin karatu da aikin gwamnati, kuma da ita ake ce wa wanda aka haifi kakansa a Jos baƙo ne, gardamar da ke cikin tushen rikicin da ya ɓarke a garin a watan Satumba na 2001. A Gana, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice a ƙarshen 1969, mutanen zongo da yawa da ba su taɓa ganin Najeriya ba suka sami kansu a bayan manyan motoci, mu ma kuma muka yi wa 'yan Gana irinsa a 1983. A Sudan, rikicin 2022 a yankin Damazin da Rusairis ya taso ne a kan ko Hausawan da suka fi shekara ɗari a wurin suna da haƙƙin ƙasa da sarautar gargajiya. To, in ji mai ƙorafi, in ka koya wa yaron zongo cewa garinsu Bebeji ne ko Kazaure, ba ka miƙa wa masu korarsa hujja ba?

Amsata ita ce masu kora ba su taɓa jiran hujja daga bakin wanda za su kora ba. Wanda ya manta garin kakansa da wanda ya tuna, mota ɗaya aka loda su a 1969. Bambancin ya bayyana ne bayan an ƙetare iyaka: mai sanin gidan baffansa yana da ƙofar da zai yi sallama, ɗayan kuwa sai tasha. Ban da haka, akwai asali iri biyu da ake cakuɗawa. Akwai wanda ake ɗagawa don a ƙwaci wani abu ko a hana wani, shi ne na takardar ƙaramar hukuma. Akwai kuma wanda ke ɗora wa mutum nauyi, ya sa shi zuwa jana'iza da suna da duba mara lafiya. Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin 'ya'yan birni na farkon kaɗai suka riƙe. Ba a ganinsu a garin sai ranar da yaro zai shiga jami'a ko aikin ɗamara, a je wurin dagaci a ce, “Ranka ya daɗe, ni ɗan wane ne,” ya sa hannu saboda darajar mamaci, a juya mota ko ruwan gidan ba a sha ba. Wannan cin moriyar sunan uba ne, kuma mutanen garin suna gani. Bahaushen Kumasi ɗan Gana ne cikakke, na Maiwurno ɗan Sudan ne, kuma sanin inda kaka ya fito bai rage wa kowannensu ko taƙi ɗaya na ƙasarsa ba, sai a wurin wanda dā ma ya yi niyyar zalunci.

Sai batun tsaro, wanda ba gardama ba ce, gaskiya ce tsirara. Wanda garin ubansa ke cikin dajin Maru ko Zurmi, ko Batsari da Faskari, ko Sabon Birni, ko hanyar Birnin Gwari, ba za a ce masa zumunci a ƙafa yake, ya kama hanya ba. Ƙauyuka da dama sun zama kufai, mutanensu suna Gusau da Katsina, wasu sun ƙetara jihar Maraɗi. Amma wannan ya ƙara wa nauyin girma ne. Garin uba jama'a ne kafin ya zama ganuwa da rumbuna, jama'ar kuwa yanzu ga su a kangwaye da makarantun firamare na gefen birni, wataƙila tafiyar Keke Napep ce tsakaninsu da ɗan da ke cewa hanya ba ta biyuwa. Kuma in garin ya tashi, sunayen gonakinsa da iyakokinsu suna cikin kan tsofaffin da ke gudun hijira ne kaɗai. Ranar da zaman lafiya ya dawo, rigimar da za ta biyo baya ta fili ce, kuma wanda bai zauna da baffansa ya rubuta komai ba yau, ba shi da abin faɗa a gaban alƙali gobe. Wayar da ake ɗora hoton marigayi da ita tana iya naɗar muryar gwaggo tana lissafa kakanni.

Akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba, shi ne tsoron ɗawainiya. Dangi rigar ƙaya ne, kuma mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata ya san cewa in ya buɗe ƙofa, buƙatar taki da kuɗin asibiti da kayan ɗakin amarya za su biyo. Wannan tsoro ne ke sa magada su gaggauta sayar da gonar gado da kason Baba na gidan gandu, a raba kuɗin a huta. Shari'a ta ba su dama, dukiyarsu ce, kuma wani lokacin marayu na buƙatar kuɗin fiye da ƙasar. Sai dai a tuna cewa marigayin, da abin hannunsa da sau da yawa bai kai na 'ya'yansa ba, ya ɗauki wannan ɗawainiya shekara da shekaru: buhun hatsi yana zuwa daga ƙauye da kaka, turmin atamfa da kuɗin cefane suna tafiya da salla, ɗan ƙaninsa yana kwana a zaurensa yana karatu. Magada biyar ko goma da suka raba abin da ya bari za su iya raba wannan ma, kowa da watansa ko gidan da zai riƙa dubawa. In kuma sayar da gonar ya zama dole, a fara yi wa baffa ko ɗansa tayi kafin baƙo, ko da farashin bai kai na dillali ba, domin su suka san inda iyakarta ta tsaya, kuma a kanta suke ci tun Baba yana raye.