Turin mota ba gyara ba ne

A tashoshin mota na Magarya da Dungas akwai aikin da ba ya cikin kuɗin mota, amma kowane fasinja ya san yana iya faɗawa kansa: turi. An gama lodi, an ɗaure buhuna a sama, direba ya yi bisimilla ya murɗa makulli, sai a ji "ƙas" sau ɗaya, shiru ya biyo baya. Ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, Malam, don Allah a ɗan taɓa mana." Maza su sauko su naɗe riguna, yaron mota ya ba da murya, motar ta yi tari biyu ta kama. Kowa ya koma mazauninsa, ba wanda ya yi ko tsaki.

Rashin tsakin nan shi ne abin dubawa. An saba da lamarin har ya zama wani sashe na tafiya. Akwai direban da ba ya ajiye mota sai a gangare. Akwai wanda in ya tayar da safe ba ya kashewa sai dare, mai na ƙonewa a banza yana jiran fasinja. Alhali motar da makulli ba ya tayar da ita ba ta da lafiya, kuma galibi ciwon ƙarami ne, wanda mai wayarin da ya san aikinsa zai gano kafin shayi ya huce. Abu biyu ke mai da shi babba: jinkirin mai mota, da gyaran canki-canka a gareji.

A wannan yanki lamarin ya wuce jin kunya a tasha. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutum fiye da 570,000, Dungas kuma, wadda ta zama gunduma a 2011, fiye da 350,000. Mafi yawansu a ƙauyuka suke, kuma da zarar an sauka daga kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Bande, hanyoyi da yawa na rairayi ne da burji. A kan kwalta mutum huɗu sun isa su tayar da mota. A cikin yashi wajen Guci ko Malawa, ko a lakar bakin Korama da damina, ko goma ba za su ba ta gudun da za ta kama ba. Motar da ta kai rake da riɗi kasuwa da rana, ko ta nufi Maigatari ranar Alhamis, mai ita ake buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta yi gardama ko yaro ya sanƙare da zazzaɓi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya a 2005, kuma mutanen yankin sun san yadda sashen yara na asibitin garin ke cika a watannin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa. A irin wannan dare, duk mintin da aka ɓata wajen tashin maƙwabta su zo turi daga jikin mara lafiya yake fita.

Kik, ko demarer a bakin wasu, wanda shi ke tayar da mota, ƙaramin injin lantarki ne da ke maƙale a gefen babban injin. In an murɗa makulli, wuta kaɗan ta tafi solenoyid, shi kuma ya yi aiki biyu lokaci guda: ya tura ɗan giyan nan mai haƙora, bendis, ya shiga haƙoran fulawil, sannan ya haɗa babbar wayar batir da kik ɗin. Kafin 1912, shekarar da Cadillac ta fito da mota mai kik na Charles Kettering a Amurka, da handul ake juya inji, kuma handul ya karya hannuwa ba kaɗan ba. Tsarin bai canja sosai ba tun daga nan. Shi ya sa kik ɗin Fijo 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, da na J5 da na tsohuwar Hiace, ana warware su a kan tabarma a mayar. Sai dai yana da ci. Na ƙaramar mota mai fetur kan ja amfiya 100 zuwa 200, na mai gas ya fi haka nesa, alhali fitilun gaba biyu ba su wuce amfiya 10 ba. Kan batir mai ɗan sako-sako ko farin gari zai kunna fitila da rediyo lafiya lau, amma ya gaza kik. A nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Mota kan faɗi ciwonta da sauti. In ta yi "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, wuta ce ba ta isa ba, wato batir ko kansa. In "ƙas" ɗaya ne mai ƙarfi, hankali ya koma kan solenoyid ko burushi. In kik na juyawa yana wuwwu inji bai motsa ba, bendis ne ke sulɓewa. Ƙarar gurzar ƙarfe na nufin haƙoran bendis ko na fulawil sun cinye. Juyi a hankali da nauyi na iya zama batir, yana iya zama bushin ya buɗe har amaca na gogar jiki. Shiru ɗungurum kuwa, a duba makulli, fis da rile.

Sauti na nuna hanya, mita ce ke yanke hukunci. Batir mai cikakken caji in ya huta yana nuna bolt 12.6, in ya sauko 12.2 ya kusa rabi. Lokacin da kik ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji na aiki, altaneta mai lafiya na ba da wajen 13.8 zuwa 14.4. Sai gwajin da aka fi mantawa: a ɗora mita tsakanin kan batir na at, wato na negatif, da jikin kik ana murɗa makulli, a ga nawa ke ɓacewa a hanya. In ya haura rabin bolt, laifin na waya ne ko na wurin ɗaurin at a jikin inji, kik bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko mita babu, a kunna fitilun gaba a murɗa: in sun dushe ƙwarai, batir ko waya ko kik mai cijewa, in ba su motsa ba, wuta ba ta isa kik ɗin ba sam.

Amma abin da aka fi gani shi ne a kwance kik tun ba a taɓa batir ba, ko a sayi sabon batir alhali altaneta ce ba ta caji, bayan mako guda a dawo gidan jiya.

In gwaji ya tabbatar kik ne, aikin ma ba na tashin hankali ba ne. Mai wayarin zai fara cire wayar at daga batir, ya kwance kusoshi biyu ko uku, ya buɗe murfin baya. Abin da kan zubo baƙin gari ne, haɗin ƙurar hunturu da garin burushi da baƙin mai da ke ɗiga daga inji. Burushin da ya gajarce har sifirin ba ya danna shi a canja. Jan ƙarfen kan amaca a goge da lallausan sanfefa, a share tsagoginsa. A girgiza sandar amaca, in tana wasa a buga sabon bushin. Cikin solenoyid akwai ƙwayoyin jan ƙarfe biyu da wuta ke ci sannu a hankali, kuma a yawancin kik na Toyota ana sauya su kaɗai. Duk waɗannan kaya sun shiga aljihun riga guda.

Dabaru biyu na bakin hanya sun cancanci gargaɗi. Bugun kik da sifana yana aiki ne don yana girgiza burushin da ya ƙare ya sake taɓawa, wato motar ta riga ta sanar. A kik na zamani mai maganaɗisu a ciki, bugu mai ƙarfi na fasa maganaɗisun, gyaran burushi ya koma sayen kik. Haɗa kawunan solenoyid da sukundireba kuwa, in motar na cikin giya, kan mai haɗawar take tafiya. Haka nan danne makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 ba hutu yana ƙona amaca. Ga zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana shanye ruwan batir, wasu kuma su cike shi da ruwan rijiya maimakon tataccen ruwa, gishirin ciki ya ƙarasa shi.

Direba na da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Abin da ya samu yau na cefane ne da na mai mota, yini guda a gareji yini ne babu shiga. Ya kuma taɓa sayen sabon kik mai ƙyalli da bai yi wata uku ba. Kayan gyaran yankin da yawa daga Kano suke zuwa, daga kasuwanni irin Ƙofar Ruwa, ta Babban Mutum da Tinkim ko ta Maigatari. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, kaya sun yi wuya sun yi tsada. Sai dai wannan hujja ce ta a gyara da wuri. Inda sabo ke da tsada kuma ba a san ingancinsa ba, tsohon kik na asali da aka sauya wa burushi da bushin ya fi zama abin dogaro, kuma kuɗinsa bai kai na man da ake ƙonawa don tsoron kashe inji ba.

Gyaran al'adar na hannun mutum uku. Shugabannin tasha, waɗanda ke tsara layin lodi, su ƙara sharaɗi ɗaya: direba ya kashe ya tayar da makulli a gabansu kafin a ba shi fasinja, musamman mai shiga hanyoyin yashi. Masu gareji su ajiye mita su koya wa yaransu karanta ta tun kafin a ba su sifana. A yau ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba ko kusa. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, CFM, da asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a, su shirya gajeren horo kan wutar mota ga waɗanda suka riga suka zauna a gareji a Magarya, Bande, Waca da Dungas. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, kafin ruwan Yuni ya sauka hanyoyin ƙauye su jiƙe, asibiti kuma ya fara cika.