Daga Aji Zuwa Gareji: Ranar da tayarod ya tsinke mana a ƙasar Ka'oje

A wannan mako za mu bar aji mu shiga ƙarƙashin mota, saboda abin da ya same mu a hutun da ya wuce ya fahimtar da mu wani darasi da muka daɗe muna haddacewa don jarrabawa kawai.

Mu huɗu ne, dukkanmu 'yan ƙaramar hukumar Bagudo, biyu daga cikinmu injiniyancin kanikanci muke karantawa. Ƙarshen damina muka bi kawun ɗaya daga cikinmu kwaso shinkafa daga wata gona a ƙasar Ka'oje, tsallaken kogin Kwara, ɓangaren da ya nufi Tsamiya da iyakar Jamhuriyar Benin. Duk wanda ya san yankin ya san cewa da zarar ka sauka daga babban titi ka shiga hanyoyin gona, sai rairayi da laka da kwazazzabai. Shi ya sa a nan ake ji da Hilux. Ta Kawu tsohuwa ce, amma kamar ɗiyarsa ya ɗauke ta.

An loda buhu 14 na shanshera, muka haye sama, wasu mata biyu da ƙaramin yaro suka roƙi a rage masu hanya. Muna fitowa daga wani rafi mai rairayi sai muka ji ƙas! Tayar gaba ta hagu ta juya gefe ita kaɗai, motar ta karkata ta soke hanci cikin rairayi, buhu biyu suka zube. Kowa salati yake. Allah Ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo, domin tafiyar hawainiya muke yi. Daga baya ne muka zauna muka yi lissafi: motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Da a kan kwalta abin ya faru, kafin direba ya gane me ke faruwa mun riga mun bar titi.

Da muka leƙa ƙasa sai ga tayarod ya rabu biyu. Ga waɗanda ba su san shi ba, tayarod shi ne siririn ƙarfen da ke kai umarnin sitiyari zuwa taya. Idan ya tsinke, tayar nan ta daina jin maganar direba. Wurin da ya karye kuwa daf yake da wata tsohuwar walda. Ashe ya taɓa lanƙwashewa bara, aka miƙe shi da wuta, aka ɗora masa walda, aka ci gaba da aiki.

Wani dattijon bakanike ne ya zo kan babur daga garin Bagudo ya sa mana wani tsohon tayarod muka lallaɓa zuwa gida. Washegari a garejinsa Kawu ya zo da shawarar da ya kwana yana saƙawa. Ya ce ya gaji, domin ko a tsakiyar damina shaf ɗin gaba ya karye masa cikin laka. Saboda haka yana son a nemo masa tayarod mafi kauri, da shaf mafi ƙarfi da ake samu, a kuma sa manyan tayoyi don motar ta ƙara tsawo. Mu ma a lokacin mun ga kamar dabara ce mai kyau.

Dattijon ya ɗauki guntun ƙarfen ya miƙo mana. Ya ce, “Ku ɗiyan boko, ku duba nan ku gaya mani mi kuka gani.” Muka duba. Fiye da rabin bakin karayar ya yi santsi da duhu, da wasu layuka masu lanƙwasa. Ragowar kuma fari ne mai kaushi, yana ƙyalli. Sai ya juya ga Kawu ya ce, “Alhaji, wanga ƙarhe ba jiya ya karye ba. Jiya dai ya ƙarasa.”

Nan take muka tuna da abin da malaminmu ya kira gajiyar ƙarfe. Tsaga tana farawa ƙarama a wurin da ƙarfe ya yi rauni, kowane rami da taya ta faɗa sai ta ƙara ci gaba kaɗan, har abin da ya rage ya kasa ɗaukar nauyi ya ɓalle lokaci guda. Ɓangaren mai duhu tsohuwar tsaga ce, mai ƙyallin shi ne na ranar ƙarshe. Wannan ilimi da rayuka aka saye shi. Ranar 8 ga Mayu, 1842, aksil ɗin kan jirgin ƙasa ya karye tsakanin Basai da Faris a ƙasar Faransa, mutane da dama suka mutu. Bayan haka wani injiniyan jiragen ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwaji a kan aksil, ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba zai iya karya shi idan ana ta maimaitawa. Dattijonmu bai taɓa jin sunan Wöhler ba, amma ya riga mu karanta karayar.

Darasi na farko ke nan: ba a walda a kan kayan sitiyari. Ƙarafan nan a masana'anta an gasa su an sanyaya su bisa ƙa'ida don su samu ƙarfi da juriya. Zafin walda yana ɓata wannan gashi a gefen ɗinkin, wurin ya zama mai saurin tsagewa. Tayarod da ya lanƙwashe ko ya tsage, magani ɗaya ne, a cire shi a sa wani.

Sai batun manyan tayoyi. A nan ne muka samu damar fito da biro. Taya kamar hannun sifana take, iya tsawonta iya ƙarfin da take murɗa shaf da shi. Idan aka tashi daga taya mai tsayin inci 29 zuwa mai inci 33, an ƙara wa shaf wahala da kusan kashi 14 cikin 100 a kan aiki iri ɗaya. Babbar taya ta fi nauyi, ta fi wuyar juyawa, don haka tayarod da bol-join da boris duk za su ɗanɗana, birki ma ya ragu. Wato abin da Kawu yake ganin zai ƙara wa motar ƙarfi, shi ne zai ƙara cin kayan da yake kuka da su.

Shaf mai ƙarfi fa? Gaskiya ne akwai shi. Ana yin wasu da ƙarfe mai haɗin kuromiyam da molibdinam, wasu kuma ana ƙara masu kauri. Lissafin ma yana da daɗi: ƙarfin shaf wajen jure murɗa yana tafiya ne da kaurinsa sau kaurinsa sau kaurinsa. Idan aka tashi daga milimita 30 zuwa 33, ƙarin kashi 10 ne a kauri, amma ƙarfi ya ƙaru da kusan kashi 33. Muna cikin murnar wannan lissafi dattijon ya katse mu. Ya ce, “To in shaf ya ƙi karyewa, wa za ya karye?” Amsar ita ce haƙoran da ke cikin tulun aksil, waɗanda kanikawa ke kira kirawun da finiyon, ko kuma giyar ozilari. Waɗannan sun fi shaf tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a gyara su a bakin rafi. Ƙarfin da ya karya shaf ba ya ɓacewa don ka sa sabon ƙarfe. Zai bi layi ya nemi na gaba mafi rauni. Ku tuna da fiyus ɗin wutar lantarki: wanda ya cire shi ya sa wayar jan ƙarfe mai kauri, ranar da wuta ta yi yawa talabijin ɗinsa ce za ta ƙone.

Da aka bi diddigi, abubuwa uku ne ke cin motar Kawu. Na farko lodi. Hilux irin tasa abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato kilo 1,000, har da mutanen da ke ciki. Ranar nan, ko da a ce kowane buhu kilo 75 ne, buhu 14 kaɗai sun kai kilo 1,050, kafin a ƙirga mu. Na biyu tuƙi. Idan mota ta kafe a laka direba ya taka totur taya tana ta wulwulawa, sannan kwatsam ta kama ƙasa mai tauri, bugun da ke biyo baya shi ke tsinke kan shaf, musamman in sitiyari a murɗe yake har ƙarshe. Haka nan mantawa da ozilari a kan kwalta yana ɗaure gaba da baya su riƙa jan juna, domin irin wannan mota ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin aksil biyu. Na uku ruwa da rairayi. Robobin da ke rufe kan shaf da bol-join sun yage, giris ya fita, rairayi ya shiga yana niƙa. Da aka kwance man aksil kuwa sai ga shi fari-fari kamar kunu. Aksil mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa, sai ya zuƙo ruwa ta ƙaramar kafar numfashinsa.

Ga abin da aka yi a ƙarshe. An canza tayarod na dama da na hagu tare, sababbi, domin shekarunsu ɗaya kuma wahala ɗaya suka sha. Dattijon ya ce na hannu, wanda muke kira Baljiyam, yana da amfani a wurare da yawa a jikin mota, amma a sitiyari ba ka san irin gajiyar da ya kwaso ba. An canza bol-join da robobi, an cusa giris. An duba kawunan kusoshi: lambar 8.8 ko 10.9 da ke kai tana nuna ƙarfinsu, kuma wanda ba shi da lamba ko kaɗan ba a yarda da shi a nan ba. Kowane notin tayarod an sa masa fin ɗinsa maimakon ƙusar kafinta da muka tarar. An zuba sabon man aksil, aka ɗaura wa kafar numfashin siririn tiyo aka ja shi sama, inda ruwan rafi ba ya kaiwa. An bar tayoyi a girmansu, aka yi alaimen. Wannan tiyon shi ne mafi arha a duk aikin, kuma shi ne ainihin ƙarin da motar take buƙata a irin hanyoyinmu. Kawu ya yi gunaguni a kan rage lodi, ya ce sawu biyu man fetur biyu ne. Dattijon ya ce masa, “Alhaji, sawu biyu ya hi sawun da ba a dawo ba.” Bai ƙara cewa komai ba.

Ba muna cewa kada a taɓa ƙara wa mota ƙarfi ba ne. Mai aikin daji na kullum zai iya amfana da tayarod mai kauri ko shaf mai inganci. Sharaɗin shi ne a fara gano abin da ya kawo karayar, a kuma tambayi inda ƙarfin zai koma bayan an toshe nan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kunyar da muka ji. Mun ci jarrabawar gajiyar ƙarfe, amma da aka miƙo mana ƙarfen da ya gaji sai da aka yi mana nuni. A ɗaya ɓangaren, yaran garejin nan sa'o'inmu suna kwance aksil ido rufe, amma ba wanda ya taɓa nuna masu lissafin taya da shaf. Da muka rubuta masu a ƙasa da tsinke, cikin minti biyar suka kama. Shirin SIWES da hukumar ITF ta fara a 1973 don irin wannan haɗuwa aka yi shi, amma da yawanmu in lokacinsa ya zo ofis mai sanyi muke nema inda za a sa mana hannu a littafi. Mu dai mun riga mun roƙi dattijon ya ba mu wuri a hutu mai zuwa, ya kuma ce mu zo da tsofaffin kaya.

Ga ɗan aikin gida kafin mu rabu. Idan akwai mota a gidanku, ku nemi izini, ku samu babba ya tsaya tare da ku. A ɗaga tayar gaba da jak a wuri mai tauri, a tokare sauran tayoyin, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashi. Ku kama tayar dama da hagu ku girgiza: in kun ji tana wasa da ƙara, a duba tayarod. Ku kama sama da ƙasa ku girgiza: in ta yi wasa, boris ne ko bol-join. Ku leƙa robobi ko sun yage, ku duba ko akwai walda a inda bai kamata ba. Abin da kuka gani ku faɗa wa mai motar cikin ladabi. Ku kuma da ke hawa motocin kasuwa zuwa Lolo ko Illo ko Tsamiya, idan kun ga lodi ya wuce hankali ko tayar gaba ta karkace, jiran mota ta gaba ba abin kunya ba ne.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a karatunmu da sana'o'inmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.