Muna Son Kakar Wasa, Ba Bikin Yini Ɗaya Ba

Duk mai sauraren labarin wasanni a rediyo ya saba da jin kalmar "kakar wasa", amma kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su dubi asalinta. Daga gona ta fito. Idan damina ta ɗauke, aka girbe gero, aka yanke dawa, rumbuna suka cika, a sannan ne iyayenmu da kakanninmu suke buɗe fagen kokawa da dambe, samari kuma su cika dandali da langa a farin wata. Wannan gari ya kai wa wancan ziyara, bayan mako biyu a rama masa. Wanda aka kayar yau yana da damar komowa ya nemi fansa. Ashe tun kafin zuwan boko mutanen ƙasar nan sun san cewa wasa yana da lokacinsa, kuma lokacin yana da tsawo.

A yawancin makarantun Gwarzo da Kabo kuwa, abin da ya rage mana shi ne gasar gidaje ta yini guda. Mun san yadda take gudana. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru da lasifika, a raba wa masu hali takardun gayyata, a raɗa wa kowane gida sunan wanda ake sa ran zai miƙo ambulan. Yara su shafe mako uku suna koyon fareti cikin ƙura. Ranar biki babban baƙo ya iso a makare, a yi jawabai har rana ta take tsaka, a yi gudun buhu da na ƙwai a cokali, a ɗauki hoto da kofi, a watse. Washegari a mayar da ƙwallo ɗakin ajiya sai baɗi. Ba mu raina wannan rana ba, domin yara suna murna da ita, wata makarantar ma da kuɗin ranar take gyara rufin aji. Sai dai biki daban, tarbiyya daban. Yaro ba ya koyon juriya, ko haƙurin shan kaye, ko biyayya ga alƙali a yini guda, kamar yadda ba ya koyon lissafi a ranar rabon sakamako.

Akwai abin lura a Amurka, ƙasar da ake ganin ta mayar da kowane wasa kasuwa. A can suna da irin tasu zari-ruga, wadda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, 'yan wasa sanye da hular kwano. Manyan jami'o'insu suna tara dubban 'yan kallo da maƙudan kuɗi a kanta. Amma a ƙasan waɗannan akwai rukuni na uku, wanda aka kafa a 1973, inda ƙananan kwalejoji fiye da 200 suke buga wasan. Dokar rukunin ta hana a ba ɗalibi tallafin karatu saboda iya wasansa. Ɗalibi ne tukuna, yana shiga aji kamar kowa, kuma kusan dukkansu sun san ba da ƙwallo za su ci abinci ba. Duk da haka kowace shekara suna da wasanni kamar goma, daga Satumba zuwa Nuwamba, Asabar bayan Asabar, bisa jadawalin da aka fitar tun da wuri. A jihar Indiyana akwai kwalejoji biyu maƙwabtan juna, Wabash da DePauw, da suka fara karawa tun 1890, kuma tun 1932 abin da suke takara a kai tsohuwar ƙararrawar jirgin ƙasa ce. Wanda ya yi nasara ya tafi da ita gida ya riƙe har shekara ta zagayo. Ba wasan nasu muke sha'awa ba, kayan sa wa ɗan wasa guda ma sun fi ƙarfin aljihun makarantunmu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne jadawalin, da kuma yadda ƙaramar makaranta ta ɗauki wasanta da muhimmanci ba tare da ta jira ya haifar mata da tauraro ba.

To, me zai hana Getso da Kutama, ko Garo da Durun, su sami irin wannan? Ƙananan hukumomin nan biyu kowace tana da mazaɓu goma. Idan aka haɗa makarantu shida da ke kusa da juna a rukuni ɗaya, kowace ta kara da 'yar'uwarta gida da waje, wasa goma ke nan cif ga kowace makaranta. Biyar daga farkon Nuwamba zuwa hutun Disamba, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, iyaye suka sallami yara. Biyar kuma bayan an dawo a Janairu, kafin zafin bazara ya sauko, kafin kuma 'yan ajin ƙarshe su shiga shirin WAEC da NECO. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Maris, yana kuma matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara, don haka mai tsara jadawali sai ya riƙe kalandar Musulunci a hannu. Rana kuwa, babu kamar Alhamis bayan La'asar, tun da makarantun allo da Islamiyyu da yawa suna hutu a ranar, ba za mu shiga haƙƙin kowa ba. A ƙarshe zakaran Gwarzo ya haɗu da zakaran Kabo, bana a nan, baɗi a can. Ga Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo, ga babbar makarantar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kabo. Ɗalibansu za su iya buɗe ranar da nasu wasan, su kuma taimaka da alƙalanci.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, kuma maganarsu abar saurare ce: ƙwallo tana shagaltar da yaro daga karatu. Amma a duba inda yaran suke a yanzu. Ba su bar ƙwallo ba don makaranta ta bar ta. Suna gidajen kallo har dare suna musu kan Arsenal da Real Madrid, wasu ma sun fara sa kuɗin tara a cacar waya. Sauran suna buga ta unguwa a kangon fili, babu babba a wurin, sau da yawa kuma a tashi da jifa. Kakar wasa ta makaranta tana dawo da wannan ƙauna ƙarƙashin idon malami, ta kuma ba shi abin riƙe yaro wanda ya fi bulala tasiri. Sharaɗin ya zama a rubuce: wanda rajista ta nuna yana fashin aji ba zai sa riga ranar Alhamis ba, ko da shi ne ke cin ƙwallayen. Duk malamin da ya taɓa riƙe ƙungiya ya san yadda yaro mai taurin kai yake zama kan bencinsa tun ƙarfe bakwai da rabi idan ya ji ana shirin rubuta sunayen 'yan wasa.

A nan ne kuma za mu faɗi wadda ba ta da daɗin ji. Abin da ya fi kashe gasar makarantu a ƙasar nan shi ne ɗauko 'yan haya. A samo ƙato mai gemu daga wata ƙungiyar unguwa, a ɗinka masa kayan makaranta, a ce ɗan aji biyu ne. An ci kofi, amma an koya wa yara ɗari uku da ke bakin fili cewa ƙarya tana biya, kuma malaminsu ne ya koyar da darasin. Wannan cuta tana tafiya har sama. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin alfahari ne. Amma tun gasar 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, hukumar FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru, kuma a 2016 fiye da yara ashirin na tawagarmu suka faɗi wannan gwaji, Nijar ta fitar da mu. Mu ba mu da na'ura, ba ma kuma bukatarta. Muna da rajista, muna da hoton ɗalibi, muna da malamin aji da ya san fuskar kowa. Makarantar da aka kama a zaftare mata maki, a kuma karanta sunanta a taron reshe.

Kada kuma mu yaudari yaranmu da mafarki. Kano Pillars ta lashe gasar ƙasa sau huɗu, Ahmed Musa ya bi ta cikinta ya kai Turai, amma kujerun da ke wannan jirgi ba su da yawa. Idan Allah ya fitar da ɗaya daga Lakwaya ko Gude, sai mu yi murna. Sauran kuwa, ribarsu lafiyar jiki ce, da sanin yadda ake shan kaye a yi musabaha, da abokai a garin da da ba su san kowa ba.

'Yan mata ma suna da haƙƙi. Ƙwallon raga da ta hannu ba sa cin fili, ana yin su cikin katangar makaranta, cikin sutura ta mutunci, a hannun malamai mata. Jadawalin da ya manta da su rabin jadawali ne.

Saura batun da ya sa wannan magana ta zama ta ƙungiya. A yau malamin wasanni yakan kasance wanda aka ɗora wa aikin don shi ne mai ƙuruciya, bayan an cika masa jadawalin aji kamar kowa. Shi ke sayen ƙwallo da usur daga albashinsa, shi ke neman motar haya, shi ke sayen ruwan leda. Idan yaro ya karye a fili, ko mota ta yi hatsari a hanya, shi za a fara tambaya wa ya ba shi izini, alhali babu takarda ko ɗaya da ke kare shi. Ba za mu roƙi abokan aikinmu su ɗauki wasa goma a shekara a kan wannan hali ba. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, darasin motsa jiki da lafiya kuwa yana cikin manhaja. Don haka bukatarmu ga ofishin shiyya da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu ita ce a lissafa sa'o'in horarwa cikin nauyin aikin malami, a ba da izinin kowace tafiya a rubuce tare da amincewar iyaye, a ware kuɗin mota da akwatin taimakon gaggawa, a kuma sanar da asibiti mafi kusa ranakun wasa.

Sai fili. Makarantar da ba ta da katanga, gefen filinta yakan zama gona a bana, baɗi a ga tubali, shekara ta uku a ga shago. Filin da ake taka shi kowane mako, jama'ar gari suna taruwa a bakinsa, yana da masu tsaya masa. Muna roƙon kowane wakilin makaranta ya zo taron reshe mai zuwa da awon filinsu, tsawo da faɗi, da bayanin ko akwai takardar mallaka, da sunan malamin da zai riƙe ƙungiya. Da waɗannan ne kwamiti zai zauna ya raba rukunoni kafin a kammala girbin dawa.