Tsiren Lima ya shiga jirgi, namu yana nan cikin takardar siminti

'Yan uwa matasa, yau maganar nama zan yi, kuma wallahi ba raha nake ba.

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya san yayin da ake ciki. Ɗan Gazawa ko 'yar Agye sun tafi Yamai karatu ko neman aiki, ranar Asabar da dare an shiga gidan abinci mai sanyi, an ɗauki hoton faranti kafin a yi bismilla: shawarma, piza, margez. Wanda Allah Ya ba shi ya ƙetare Faransa ko Amurka, sai ka gan shi a gidan abincin 'yan ƙasar Peru, ko gaban masu gasa sosis irin na Jamus. Ban ga laifin kowa ba, kuɗinka ne, cikinka ne. Abin da nake so mu duba shi ne asalin abin da ke cikin farantin nan. Yawancinsa abincin talaka ne na bakin titi a ƙasarsu. Mutanen ƙasar ne suka ɗauke shi da daraja, suka gyara shi, suka sa masa suna da doka, har ya kai inda muke biyan jika-jika don mu ɗanɗana. Mu kuwa muna da wanda bai gaza nasu ba, mun bar shi cikin ƙura.

Mu ɗauki Peru, wata ƙasa a Kudancin Amurka. A Lima, babban birninsu, akwai abin da suke kira antikuco. Zuciyar sa ce ake yankawa, a jiƙa ta cikin ruwan tsami da barkono da tafarnuwa, a soke a tsinke, a gasa a kan gawayi, a ci da dankali da masara. In ka gan shi, tsire ne kawai, ba wani abu ba. Kuma tarihinsa na da ɗaci. Zamanin mulkin Sifaniyawa, iyayengiji ke cin tsoka, su bar wa bayin da aka kwaso daga Afirka kayan ciki. Su ne suka san yadda za su mayar da abin da aka raina ya zama abin marmari. Shekaru aru-aru abincin nan yana hannun mata masu kura a kusurwar titi.

Me ya canza? Wani mutum mai suna Gastón Acurio, ɗan sanata, an tura shi Madrid ya karanta shari'a, ya ajiye littattafan ya koyi girki. A 1994 ya buɗe gidan abinci a Lima, da farko girkin Faransa yake yi, daga baya ya juyo ga na gida. Shi da abokan sana'arsa suka kafa ƙungiya, suka fara wani bikin abinci a 2008, wanda aka sani da Mistura. Hikimar bikin ita ce ba su ware manyan masu girki su kaɗai ba. Sun kawo mai kura ta bakin titi, sun kawo manomin dankali daga kan duwatsu da kayansa, kowa da rumfarsa da sunansa. Wata dattijuwa, Grimanesa Vargas, wadda ta yi fiye da shekara 30 tana gasa zuciya a bakin titi, ta zama wadda ake bin dogon layi don a ci tsirenta, har ta buɗe shagonta. A 2023 an zaɓi wani gidan abinci na Lima mai suna Central a matsayin na ɗaya a duniya, kuma a shekarar ce UNESCO ta sa sebice, wato kifinsu da ake jiƙawa da lemun tsami, cikin jerin al'adun da duniya ke adanawa.

Haka ma sosis. Nama ne niƙaƙƙe da ake ɗurawa cikin hanji, dabara ce ta mahautan da ba sa son ko ɓurɓushi ya salwanta. A birnin Nurembag na Jamus akwai wani iri da doka ta tsare: tsawonsa daga santimita 7 zuwa 9, nauyinsa kar ya wuce giram 25, kuma in ba a cikin garin aka yi shi ba, ba ka isa ka sa masa sunan ba. Naman alade ne, ba cimarmu ba ce, amma darasin namu ne: sun san abin da suke da shi, sun rubuta yadda ake yin sa, sun hana wani ya ci da sunansu. Margez ɗin da muke saya a Yamai kuwa na mahautan Arewacin Afirka ne, ya bi 'yan Aljeriya zuwa Faransa, ya zagayo ya dawo mana da tsada.

To mu dawo gida. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa mu kamar zare cikin allura: daga Madawa ka shigo Gidan Rumji, ka wuce Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa, ka nufi Tasawa da Damagaram. Kowace rana motocin fasinja da manyan motocin kaya suna bi ta nan, kuma duk inda suka tsaya, hayaƙin mai nama ke fara yi musu maraba. Ga balangu, ga tsire jere a tukuba, ga kilishi ja da fari da rumuzu. Ku tsaya ku ƙirga abin da ke cikin tsinke guda. Naman daga garken makiyayinmu ne. Ƙuli-ƙulin daga gyaɗar da manominmu ya noma, matan ƙauye suka soya suka matse. Albasar ta Galmi ce ko ta fadamunmu. Tsinke guda, gida biyar ko shida ke ci daga gare shi. Jar akuyar Maraɗi kuwa, duniya ta san fatarta tun kafin a haifi kakanninmu.

Kuma kar wani ya ce ba a san mu ba. A Legas ana cin suya, a Akara cicinga, a Dakar akwai abin da suke kira dibi Hausa, a Abija in dare ya yi, da yawa daga cikin masu tsaye bakin wuta 'yan uwanmu ne. Kalmar suya ma ta shiga ƙamus ɗin Turanci na Oxford. Hukumar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a Afirka ta yi wa kilishin Nijar rajista, tare da albasar Galmi, irin rajistar nan da ke tsare sunan abu da ƙasarsa. Wannan abin farin ciki ne. Amma ku je tashar Gazawa ko ta Gidan Rumji ku tambayi mai kilishi me takardar nan ta ƙara masa. Takarda tana ofis, shi yana rana, yana kore ƙuda da mafici.

A ganina abu uku ne suka danne mu, kuma na farko ya fi sauran nauyi.

Na farko raini ne. Mu faɗi gaskiya ko da ta ɓata wa wani. Har gobe a gidaje da yawa, in saurayi ya zo neman aure aka ce ɗan mahauta ne, sai fuskoki su canza. Muna cin abin hannunsa da dare, da safe mu ce bai isa ya zama surukinmu ba. Addini bai ce haka ba, hankali ma bai ce ba. Sakamakon shi ne yaron da ya tashi a gidan fawa, in ya samu ya yi boko, abu na farko da yake yi shi ne gudun sana'ar ubansa. Wanda zai iya rubuta lissafi, ya nemo rance, ya sa wa kaya suna, ya tallata a intanet, shi ne ke barin ta. A Peru ɗan sanata ya bar karatun lauya ya ɗaura gyauton girki. Mu ɗan mahauci ya gwammace ya yi shekara biyar a fada yana shan shayi yana jiran aikin gwamnati, da a gan shi da wuƙa a hannu. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, bakinmu ne ya kore shi.

Na biyu tsafta. Nan ma ba ɓoye-ɓoye. Mun saba a naɗe mana nama mai zafi da maiƙo cikin takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida. Mun saba ganin ana hura wuta da leda, ana babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya. Hannu ɗaya ke karɓar kuɗi, shi ke yanka, ruwan wanki kuma bokiti guda tun la'asar har tsakar dare. Kilishi na shanye a fili, iska na zuba masa abin da ta ɗauko. Duk wanda ya taɓa kwana yana zarya bayan gida saboda naman tasha ya san abin da nake nufi. Amma kafin mu zagi mai nama, mu tambaya: ina famfon da zai ɗebi ruwa? Ina inuwa? Ina wutar da zai sa firji ya ajiye abin da ya rage? Mutumin da jarinsa akuya biyu ce, ba zai zubar da naman da ya kwana ba, zai mayar da shi wuta ne.

Na uku shi ne hukuma. Kowace ranar kasuwa ana yankar tikiti, mai nama na biya, mai tuwo na biya, mai ƙosai na biya. Haraji ba sadaka ba ne, bashi ne a kan wanda ya karɓa. Haƙƙinmu ne mu tambayi ma'aikatar magajin gari a Gazawa, da Agye, da Gidan Rumji: cikin abin da kuka tara daga masu abinci bana, nawa ya koma gare su? Ba mu ce a gina mana otal ba. Mayanka mai ruwa da magudana. Ma'aikacin kiwo da zai duba dabba kafin yanka da bayan yanka, ya buga hatimi, kullum, ba sai ranar da baƙi za su zo ba. Rumfa mai daɓen siminti da famfo a bakin tasha. Wannan bai fi ƙarfin hukumar gari ba in da niyya.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za su ce: ana fama da tsadar hatsi, ana fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a yankin Gidan Rumji da bakin iyaka, kai kana maganar tsire? Na ji, kuma ban raina wannan ciwo ba. Sai dai maganar ɗaya ce. Saniyar da aka kora cikin dare, mahauci ma ya yi asara, mai ƙuli-ƙuli ta yi, yaron da ke raba nama a tire ya yi. Kuma saurayin da ke da sana'ar da yake alfahari da ita, mai ba shi na cefane, ya fi wuyar ruɗuwa ga mai kiran sa daji. Abinci ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da kiwo ke cikin manyan abin da take taƙama da su. Shekara da shekaru muna kora dabbobinmu da ƙafafunsu zuwa kasuwannin Najeriya, ribar yanka da gashi da fata ta tafi tare da su.

Wasu kuma za su ce in aka gyara, nama zai fi ƙarfin talaka, masu kuɗi su ƙwace sana'ar. Wannan tsoro na da tushe. Ko a Peru, shaharar gidajen abincin Lima ba ta kawar da talauci daga ƙauyukan manoma ba. Shi ya sa nake cewa gyaran ya fara daga mai tukuba, ba daga mai gilashi ba. Kar a zo da sunan tsafta a kore shi daga bakin hanya a ba wani ɗan kasuwa wurin. A zauna da sarkin fawa da mutanensa, su suka san sana'ar, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke sayen na dala ɗari ya ci gaba da samun na dala ɗari, sai dai cikin takarda mai tsafta.

Mu kuma matasa, namu aikin ba ya jiran kowa. In za ka sayi nama, ka ce ba ka son takardar siminti, cikin ladabi: "Baba, don Allah a sa mini a wannan," ka miƙa kwanonka. In mutum goma suka faɗa masa a mako, zai canza. In ka samu mai nama mai tsafta, ka ɗauki hotonsa da izininsa, ka faɗi inda yake, kamar yadda kake yi wa gidajen abincin Yamai kyauta. Mai son a rage masa a wurin mai tsire, ya tuna bai taɓa neman ragi a wurin mai piza ba. Waɗanda suka karanta kiwo, ko lafiya, ko kasuwanci suna zaune, ga aiki: ku haɗu da masu kilishi, ku taya su kafa ƙungiya, a samo ragar da za ta tsare ƙuda wurin shanya, a samo ƙunshi mai suna da ranar da aka yi. Ƙungiyoyinmu na unguwa kuma su rubuta wa hukumar gari takarda, a nemi zama kan kuɗin kasuwa, a buga amsar a wannan shafi, ko sun amsa ko sun yi shiru.

Sannan me zai hana a yi ranar nama sau ɗaya a shekara a bakin hanyar nan tamu? Masu balangu, masu kilishi, masu dambu, mata masu ƙuli-ƙuli, makiyaya da jajayen awakinsu, kowa da rumfarsa da sunansa a rubuce. Bana Gazawa, baɗi Agye, wata shekara Gidan Rumji.

Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Kyau dai muna da shi, duk wanda ya ci ya shaida. Saura wankan, saura kuma mu daina jin kunyar mai wuƙa. Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku, wane mai nama ne ya cancanci a san shi, kuma me ya fi buƙata, ruwa, rumfa ko firji? Da amsoshinku za mu rubuta takardar farko.