Alli da Bindiga: Mu Tuna da Namu

Kowace ranar 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya, domin a irin wannan rana ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana kiran mamatan da muƙamansu na soja, amma ba a cika faɗin sana'arsu kafin su sa kaki ba. Wasunsu kuwa malamai ne irinmu.

Akwai malamin da yaƙin ya ci wanda ba a ambatonsa a wannan taro, wato Christopher Okigbo. Bayan ya gama karatu a Ibadan ya koyar a wata sakandare a Fiditi, ya kuma yi suna wajen rubuta waƙa. Da yaƙi ya ɓarke ya shiga rundunar Biyafara da muƙamin manjo, aka kashe shi a fagen daga kusa da Opi, a yankin Nsukka, a 1967, bai cika shekara 40 ba. A 1971 Farfesa Ali Mazrui ya wallafa littafin ƙagaggen labari inda aka gurfanar da shi gaban shari'a a lahira, bisa tuhumar ya bar alƙalami ya ɗauki bindiga.

Wani zai ce me ya haɗa mu da wanda ya yaƙi Tarayya? Amsarmu tana cikin ajujuwanmu. Tun da masaƙu suka tara ma'aikata daga ko'ina a Kakuri da Makera, a benci ɗaya ɗan Bahaushe da ɗan Gbagyi da ɗan Ibo suke zama. Jikokin ɓangarorin biyu muke koyarwa. Ba sai mun yarda da tutar da mutum ya bi ba kafin mu gane cewa duk malamin da ya faɗi, aji guda ne ya yi maraici.

Kuma abin bai zama tarihi ba. A 2017 UNICEF ta bayyana cewa an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas tun daga 2009. Waɗannan ko bindiga ba su riƙe ba. A nan gida ma muna ganin matasa masu NCE suna ajiye alli su nufi Depot na Zariya. Wanda kishin ƙasa ya kai shi, muna jinjina masa. Wanda ƙarancin albashi da jinkirin ƙarin girma suka kora, hakkinsa yana wuyan masu iko, da wuyanmu idan muka yi shiru.

Don haka muna roƙon reshenmu ya buɗe rajista. Kowace makaranta ta kawo sunayen malamanta da suka rasu a fagen daga ko a bakin aiki, Musulmi da Kirista, a karanta su ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, a kuma ziyarci iyalansu. Waiwaye adon tafiya. Mu da muke kiran suna kowace safiya, bai kamata sunan namu ya ɓace a hannunmu ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.