Maganar Yatsu a Filin Wasa

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallon ƙafa a filin wasa na El-Kanemi da ke Maiduguri ya ga ɗan wasa yana ɗaga hannu ɗaya ko biyu kafin ya buga kwana. Da haka yake sanar da abokansa inda ƙwallo za ta sauka, ba tare da ya buɗe baki ba. Irin wannan magana ita ake kira ishara. Akwai ta a wasanni da dama, amma da wuya a sami wasan da ya dogara da ita kamar besbol, wanda ya shahara a Amurka da Japan da Kuba. Ko da yake ba a saba yin besbol a garinmu ba, abin da ya sami ishararsa a 'yan shekarun nan yana ɗauke da darasin da ya shafe mu.

A besbol, mutum uku ne ke da ruwa da tsaki a kowace jifa. Akwai mai jifa, wanda ke tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili. Akwai mai bugu, wanda ke riƙe da sanda yana jiran ƙwallo. Sai mai cafewa, wanda ke tsugune a bayan mai bugu. Mai jifa da mai cafewa 'yan ƙungiya ɗaya ne, mai bugu kuwa abokin hamayyarsu ne. Tazarar da ke tsakanin mai jifa da wurin bugu ta ɗan haura mita 18. Ƙwararren mai jifa yana iya sakin ƙwallo da gudun da ya wuce kilomita 150 a sa'a, ta iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Wani lokaci ta zo a miƙe, wani lokaci ta lanƙwasa, wani lokaci kuma ta zo a hankali don ta yaudari mai bugu. Idan mai cafewa bai san wadda ke tafe ba, ƙwallo na iya kuɓuce masa, ko ma ta ji masa rauni. Saboda haka dole su biyun su daidaita kafin jifa, kuma kada mai bugu ya ji.

A nan yatsu ke shigowa. Mai cafewa yana sa hannunsa tsakanin cinyoyinsa, ya nuna alama. Bisa al'ada, yatsa ɗaya na nufin jifa mai gudu, biyu mai lanƙwasa, uku mai zamewa gefe, kaɗa yatsu huɗu kuma mai sanyin gudu. Idan mai jifa bai gamsu ba, sai ya girgiza kai, a nuna masa wata. Sukan yi wannan shawara fiye da sau 100 a wasa guda. Sau da yawa ma harshensu ba ɗaya ba ne, domin 'yan wasa suna zuwa Amurka daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Japan da Koriya ta Kudu. Ɗalibin da ke zaune a aji ɗaya da Babarbare da Bashuwe da Babur da Margi ya san darajar maganar da kowa ke ganewa.

Sai dai duk inda aka ɓoye magana, akwai mai son jin ta. Idan ɗan wasan ɗaya ɓangaren ya yi gudu ya kai zango na biyu, yakan tsaya a bayan mai jifa, yana fuskantar mai cafewa. Daga nan yana iya hango yatsun, ya yi wa mai bugu hannunka mai sanda. Dokar wasa ba ta hana haka ba. Maganin da masu jifa da cafewa suka samo shi ne su jera alamu da yawa, su yarda tun farko cewa, alal misali, ta biyu kaɗai ce ta gaskiya. A ganina babu aibi a wannan fafatawa. Tamkar mai tsaron gida ne da ke lura da ƙafar mai bugun fanareti don ya gane inda ƙwallo za ta bi.

Matsala ta taso ne da aka shigo da na'ura a ɓoye. A shekarar 1951, ƙungiyar New York Giants ta yi amfani da madubin hangen nesa daga can ƙarshen fili tana karanta alamun abokan hamayya, kuma sai a 2001 wata jarida ta fallasa cikakken labarin. A 2017 kuwa, ƙungiyar Houston Astros ta kafa kyamara tana ɗaukar yatsun mai cafewa, hoton yana fitowa a talabijin kusa da wurin zaman 'yan wasanta. Da zarar sun gane alama, sai wani ya doki garwar shara don mai bugu ya ji. A wannan shekara suka ci kofi mafi girma na besbol. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A watan Nuwamba na 2019, wani tsohon ɗan wasansu mai suna Mike Fiers ya tona asiri. A Janairun 2020 aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan 5, aka dakatar da kocinta da babban manajanta na shekara guda, mai ƙungiyar kuma ya kore su nan take.

Wani zai ce ai sata sata ce, ko da ido ko da kyamara. Ban yarda da haka ba. Ɗan wasan da ke zango na biyu da guminsa ya kai wurin, a fili yake tsaye, kowa na ganinsa, kuma ana iya ɗaukar matakin kare kai daga gare shi. Kyamara kuwa a ɓoye take, tana aiki a kowace jifa, wanda ake cuta kuma bai sani ba balle ya kare kansa. Gwanintar mai bugu ita ce ya yi hasashen abin da ke tafe cikin ƙiftawar ido. Idan an riga an faɗa masa, gasa ta ƙare tun ba a fara ba, kuma mai jifan da aka yi wa haka yana iya rasa aikinsa a kan laifin da ba nasa ba.

Domin a toshe wannan kafa, a 2022 hukumar gasar ta amince da wata na'ura mai suna PitchCom. Mai cafewa yana danna maɓalli, mai jifa ya ji sunan jifar ta wata 'yar lasifika da ke cikin hularsa. Na'urar ta rage satar alama, ta kuma sa wasa ya ƙara sauri. Duk da haka, kwaɗo ce aka sa wa ƙofa, kuma kwaɗo ba ya gyara halin ɓarawo. Ranar da ta samu tangarɗa a tsakiyar wasa, yatsu ake komawa. Abin da ke kare ishara na haƙiƙa shi ne amana tsakanin abokai da gaskiya tsakanin abokan hamayya.

Wannan batu ya biyo mu har ɗakin jarrabawa. Akwai ɗaliban da ke ɗaga yatsa ɗaya ko biyu don su nuna wa na kusa da su amsar tambaya. Yatsun iri ɗaya ne da na filin wasa, amma hukuncinsu daban. A fili an amince ƙungiya ta yi shawara. A jarrabawa kowa tasa ta fisshe shi, kuma mai yin ishara a can yana cutar ɗalibin da ya kwana yana karatu.

Don haka ina ba malaman wasanni shawara su bar kowace ƙungiyar makaranta ta ƙirƙiro alamunta, ta haddace su, ta riƙe sirrinsu. Yaron da ya saba duban abokinsa ya gane nufinsa ya koyi natsuwa da haɗin kai. Idan kuma an nuna masa tun yana ƙarami inda wayo ya ƙare ha'inci ya fara, zai tafi da wannan sani duk inda rayuwa ta kai shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa dole mai jifa da mai cafewa su daidaita kafin kowace jifa?
2. Bayyana yadda ƙungiyar Houston Astros ta riƙa satar alamu a 2017.
3. Mene ne ma'anar "hannunka mai sanda"? Yi amfani da shi a jimla.
4. Shin ka yarda cewa satar alama da ido ta bambanta da satarta da kyamara? Kawo dalilai biyu.